Me Ke Kashe Wayar Gwaggo?

Ƙorafin da aka kawo mini gajere ne: wayar teburin da ke ɗakin Gwaggo tana mutuwa. Ba kullum ba, ba kuma a wani sanannen lokaci ba. Sai ta yini lafiya ƙalau, a kira ta yi ƙara, a ɗaga a ji murya tar. Can kuma a wayi gari a ɗaga kan wayar a ji wani kuka mai tsinkewa, a leƙa ɗan akwatin da ke bayanta a tarar fitilarsa, wadda ta saba zama koriya, ta koma ja. Abin da ya fi ɗaure wa mutanen gidan kai shi ne intanet yana nan daram a daidai wannan lokaci. Yara na kallon bidiyo, saƙonnin WhatsApp na shiga, wayar tebur kaɗai ce a mace.

Wayar ba ta NITEL ba ce, ko da yake kamarsu ɗaya. Gwaggo ta saba da wayar tebur tun zamanin da lambobin Kano ke farawa da 064, kuma da salula ta shigo a 2001 ta karɓe ta ne don ba yadda za ta yi. Yanzu ido ya yi rauni, gilashin wayar zamani kuma ba ya bin yatsanta yadda take so. Shi ya sa babban ɗanta da ke Landan ya aiko da wannan ɗan akwati, bai wuce tafin hannu ba, irin wanda masu sana'ar ke kira ATA. Rami biyu gare shi: ɗaya na igiyar intanet da ta fito daga rauta, ɗaya na igiyar wayar tebur. Aikinsa ya tsaya wa tsohuwar waya a madadin ofishin waya. Shi ke ba ta wutar layi, wajen bolt 48, shi ke yin kukan da ake ji in an ɗaga, shi ke kaɗa ƙararrawa, sannan ya daddatsa murya zuwa ƙananan ƙunshin bayanai ya tura ta intanet. Kamfanoni irin su Grandstream da Cisco da Linksys sun ƙera irinsa da yawa, kuma a Ingila bukatarsa ƙaruwa take yi, tunda an sa Janairun 2027 a matsayin wa'adin rufe tsohon tsarin wayar gida, kowa ya koma ta intanet. Lambar da ke kan akwatin ta Landan ce, mai farawa da 020. Jikokinta na can su danna lambar gida, ta yi ƙara a Kano. Ga tsohuwar da ba ta iya neman suna a gilashi, wannan waya ita ce hanyarta zuwa ga ɗanta da 'ya'yansa, don haka mutuwarta ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin da samarin gidan suka sani ɗaya ne: a zare a mayar. In sun zare akwatin sun mayar ya ƙi, sai su kashe komai har rauta su kunna, sai wayar ta tashi. Roƙona na farko a gare su shi ne in ta sake mutuwa kada kowa ya taɓa komai, a kira ni kawai. Kashewa da kunnawa yana tayar da na'ura, amma yana share duk wata shaida da za ta nuna abin da ya kashe ta. Wanda ke son gano cuta dole ya ga marar lafiya yana kwance.

Kowa wuta ya fara zargi, kuma da hujja. Akwatin yana shan ƙaramar wuta ta caja, kuma sananne ne cewa cajar da ta gaji tana iya riƙe shi yana zaune, amma da zarar ya yunƙura zai kaɗa ƙararrawa, wanda shi ne aikin da ya fi jan wuta, sai ya faɗi ya sake tashi. Batun bambancin wuta bai taso ba, domin fulogin Ingila da namu iri ɗaya ne, ƙarfin wutar ma ɗaya, ba kamar kayan da aka sayo daga Amurka ba. Na kira lambar sau da dama na bar ta tana ƙara, akwatin bai girgiza ba. Sannan na shiga shafin saitinsa ta kwamfuta, inda yake nuna tsawon lokacin da ya yi a kunne ba tare da yankewa ba. Ranar da na same shi da jar fitila, agogon ya nuna bai mutu ba tun ranar da samarin suka yi masa kashe-kunna na ƙarshe. Da ma shi da rauta a kan ɗan batir ɗaya suke, irin wanda ke riƙe ƙananan na'urori in an ɗauke wuta. Na cire wuta daga cikin waɗanda ake zargi.

Ƙarfin intanet ma bai ɗauki lokaci ba. Kiran waya irin wannan, ko da mafi kyawun sautinsa, bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba kowane ɓangare. Layin da ke ɗauke da bidiyo ba zai gaza masa ba.

Daga nan dole mutum ya tambayi kansa abin da jar fitilar take nufi. Akwatin da kamfanin da ya ba da lambar suna magana ne da wata ƙa'ida mai suna SIP, wadda aka tsara ta yadda take yanzu a wani kundi mai lamba RFC 3261 a shekarar 2002. A ƙa'idar, akwatin ne ke fara aika saƙon rajista zuwa sabar kamfanin: ga ni, ga inda nake, duk wanda ya kira wannan lamba a turo shi nan. Saba ta mayar da amsa mai lamba 401, wato kawo shaida. Akwatin ya haɗa shaida daga kalmar sirrinsa ya sake aikawa, saba ta amsa da 200, an karɓa. A nan fitila ke zama koriya. Rajistar kuma tana da wa'adi, wanda a saitin asali awa ɗaya ne, daƙiƙa 3600, kuma kafin ya cika dole a sabunta. Jar fitila na nufin yunƙurin sabuntawa na ƙarshe bai yi nasara ba, ba ta faɗin dalili.

Rashin nasarar iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Akwai wanda saba za ta ji ta ƙi: kalmar sirri ba daidai ba, ko kuɗi ya ƙare, ko an rufe asusun, sai ta mayar da 403 ko ta yi ta maimaita 401. Akwai kuma wanda ba amsa sam. Na sa akwatin ya riƙa turo bayanin duk abin da yake yi zuwa kwamfutata, na zauna ina karantawa. Ya aika rajista, shiru. Bayan rabin daƙiƙa ya sake, shiru. Ya ninka jiran ya sake, ya kuma ninkawa, har ya kai yana sakewa duk bayan daƙiƙa huɗu. Da daƙiƙa 32 suka cika ya haƙura, kamar yadda ƙa'idar ta tanada, ya ɗan huta ya faro daga farko. Ko amsa ɗaya babu. Ke nan ba ƙinsa aka yi ba. Ko dai saƙonsa ba ya isa, ko amsar ba ta samun hanyar dawowa.

Zargi ya koma kan kamfanin intanet. Akwai ƙasashen da ake toshe irin wannan kira da gangan, Daular Larabawa sananniya ce a kan haka, kuma ba abin mamaki ba ne wani kamfani ya toshe ƙofa mai lamba 5060 wadda SIP ke bi. Gwajin wannan mai sauƙi ne. Akwai manhajojin wayar hannu da ke yin aikin da akwatin ke yi. Na sa ɗaya a wayata, na shigar da asusun nan da kalmar sirrin nan, na kashe data na hau wayafai ɗin gidan, alhali fitilar akwatin tana ja a gabana. Nan take manhajar ta yi rajista. Na kira, kira ya tafi.

Wannan gwaji ɗaya ya wanke mutane da yawa. Kamfanin lambar yana aiki, asusun lafiya yake, kamfanin intanet bai toshe komai ba. Gida ɗaya, rauta ɗaya, saba ɗaya, minti ɗaya, amma saƙon wayata ya wuce, na akwatin ya ɓace. Na duba ko akwatin ya riƙe tsohon adireshin sabar ne, na tarar adireshin da yake aikawa shi ne wanda manhajar ta bi. Na shiga rauta na kashe wani saiti mai suna SIP ALG, wanda aka yi shi don ya taimaki irin waɗannan saƙonni ta hanyar gyara adireshin da ke cikinsu, amma a rautoci da yawa ɓata su yake yi. Duk mai wannan sana'a yana fara kashe shi, kuma gara a bar shi a kashe. Sai dai a nan bai canza komai ba. Bayan 'yan kwanaki fitilar ta sake yin ja.

Ruwa ba ya tsami banza. Na kira Yaya, babban ɗan nata da ke Landan, na tambaye shi ko wayar haka take tun da ya aiko ta.

“A'a,” in ji shi. “Da can matsalarta daban ce. Fitila koriya, ita tana iya kirana, amma ni in na kira ba ta ƙara a ɗakinta. Sai na ci sa'a kira ɗaya ya shiga. Da na tambayi masu lambar suka ba ni saiti biyu, na sa ƙanenmu ya canza ina kallonsa ta bidiyo. Tun daga nan kira yake shiga. Wannan jar fitilar daga baya ta ɓullo.”

Saitin biyu su ne: rajista duk minti biyar a maimakon awa ɗaya, da wani ɗan saƙo marar komai a ciki wanda akwatin zai riƙa aika wa saba duk daƙiƙa 20, ma'anarsa kawai “ina nan”.

Ba za a fahimci amfanin wannan ɗan saƙo ba sai an san aikin da rauta ke yi a ɓoye. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare a Fabrairun 2011. Shi ya sa ba a ba kowace na'ura nata. Gida guda adireshi guda yake samu daga kamfanin intanet, na'urorin cikin gida kuma su yi amfani da lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda ba su da ma'ana a waje. Rauta ce ke tsaye a tsakani, aikin da ake kira NAT. Ɗauke ta a matsayin maigadin babban gida mai littafi a hannu. Duk wasiƙar da za ta fita, sai ya goge lambar ɗakin ya buga adireshin gidan, ya rubuta a littafinsa cewa ɗaki kaza, ta ƙofa kaza, ya aika wa wane. In amsa ta zo ya duba layin ya kai ta ɗakin. Wasiƙar da ta zo ba layinta a littafi kuwa, jefar da ita yake yi. Littafin ba ya ɗaukar komai har abada, don haka layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba yana share shi.

Daɗewar nawa? Ga hanyar aike da ake kira TCP, akwai sallama a farko da ban kwana a ƙarshe, rauta ta san lokacin da hira ta ƙare. Amma akwatin ta UDP yake aikawa, wadda ba ta da ko ɗaya, sai dai a sa mata agogo. Wani kundi na 2007, RFC 4787, ya ce kada agogon ya gaza minti biyu, ya kuma ba da shawarar biyar. Rautocin da aka gina kan Linux, waɗanda su ne mafi yawa a gidaje, sukan ba da daƙiƙa 30 ga saƙon da ba a amsa ba, minti biyu zuwa uku ga hirar da ta kankama. Lissafin tsohuwar cutar ke nan: akwatin ya yi rajista, bayan minti uku rauta ta share layinsa, sauran minti 57 na awar duk kiran da ya zo daga Landan a bakin ƙofa yake mutuwa, fitila kuwa tana koriya domin a sanin akwatin rajistarsa ba ta ƙare ba. Saƙon “ina nan” shi ke hana agogon cika. Shawarar da aka ba Yaya daidai ce.

Duk da haka sabuwar cutar bayan wannan magani ta zo, don haka na mayar da saitin biyu yadda suke daga masana'anta don in gani. Jar fitila ta ɗauke ƙafa, tsohuwar cutar ta dawo: kira ba ya shiga. Na mayar da saitin Yaya, kira ya dawo, jar fitila ma ta dawo. Wanda ya tsaya a matakin farko zai ce ya gyara, tunda fitila koriya ce, alhali ya mayar da tsohuwa cikin shirun da ba wanda zai lura da shi sai mai kira daga nesa. Abin da gwajin ya nuna shi ne ɗan saƙon yana da hannu a lamarin, amma ta yaya saƙon da ba komai a cikinsa zai toshe hanya?

Gwaggo ce ta ba da bakin zaren. Tana zaune a kan darduma tana jin yadda nake yi wa samarin bayani, sai ta ce:

“Ɗan nan, su yaran nan gaggawa gare su. Ni da can in ta mutu zare ta nake yi, in je in yi alwala in yi salla. In na idar in mayar, sai ta tashi. Su kuwa su zare su mayar nan take, su ce ta ƙi.”

“Gwaggo, ko yaushe haka take yi miki?”

“Ban taɓa yi ta ƙi ba. Na faɗa wa wancan na Landan, ya ce dace ne.”

Ba dace ba ne. Da fitilar ta sake yin ja na gwada da agogo. Na zare akwatin minti ɗaya na mayar, ja. Na zare minti biyar na mayar, kafin in zauna ta koma koriya. Akwatin da aka cire wa wuta ba ya bambance minti ɗaya da minti biyar, duk ɗaya yake tashi. Ke nan akwai wani abu a wajensa da ke tuna shi, wanda kuma ke mantawa in an yi shiru na 'yan mintoci. Abu ɗaya ne a gidan mai wannan hali, littafin rauta. Don in tabbatar, a mutuwa ta gaba ban zare komai ba. Na shiga saitin akwatin na canza ƙofar da yake aikawa daga 5060 zuwa 5062. Nan take ya yi rajista. Sabuwar ƙofa, sabon layi a littafi, hanya ta buɗe. Wannan ne kuma ya bayyana nasarar manhajar wayata: ita sabuwar zuwa ce, sabon layi aka buɗe mata.

Yanzu an san inda cutar take. Layin akwatin a littafin rauta yana lalacewa, kuma da zarar ya lalace, saƙon “ina nan” da yunƙurin rajista suna sabunta agogonsa ba fashi, ba ya samun shirun da zai sa a share shi. Saura a gano abin da ke lalata shi, da kuma yaushe.

Na ba wata jikar Gwaggo 'yar sakandare littafin rubutu. Na ce duk lokacin da ta ga fitila ta yi ja ta rubuta lokaci, ta kuma rubuta duk abin da ya faru a gidan kafin nan, ko da tana ganin ba shi da alaƙa. Yarinyar ta yi aikin da kyau. Ta rubuta baƙi, ta rubuta ruwan sama, ta rubuta ɗaukewar wuta da kawowa da tayar da inji. Da shafukan suka taru na jera su, sai abin ya fito fili. Ranar da aka yini da wuta, waya lafiya. Ranar da aka yini ba wuta kuma ba a tayar da inji ba, waya lafiya. Ba ta taɓa mutuwa don an ɗauke wuta ba. Tana mutuwa ne 'yan mintoci bayan an kawo wuta, ko bayan an tayar da inji da magariba. Safiyoyin da aka wayi gari da ita a mace kuwa, duk an kawo wuta cikin daren.

Wutar da na sallama tun farko ta dawo ta wata hanya. Amma akwatin da rauta suna kan batir, agogonsu ya shaida ba su mutu ba. Wace na'ura ce ke jin zuwan wuta? Na kama igiyar da ke shiga rauta daga waje na bi ta, ta huda bango ta shiga falo. A bayan talabijin na tarar da akwatin faiba, wanda ke karɓar siririyar igiyar gilashi daga titi, a soke kai tsaye a soket ɗin bango. Shi ba ya kan batir. In an ɗauke wuta mutuwa yake yi.

“To in ya mutu, ta ina intanet ke shigowa?” na tambayi ƙanen Yaya.

“Ai na sa mata sim,” ya ce. “Rautar tana da wurin sim a bayanta. In faiba ta tafi sai ta koma kan data da kanta, in ta dawo ta koma. Ba ma ko lura.”

Ba wanda ya ambaci wannan sim tun da aka fara, domin a wurinsu gyara ne da ya yi aiki, ba abin zargi ba.

Daga nan ba sai na jira wuta ba, ina iya kawo cutar da hannuna. Na buɗe shafin rauta da ke nuna littafin, na nemo layin akwatin, na gan shi ɗauke da adireshin faiba, daidai. Na kashe soket ɗin akwatin faiba. Haɗin faiba ya faɗi, rauta ta share layukan da ke kansa, ta juya kan sim. Saƙon akwatin na gaba ya buɗe sabon layi, wannan karon da adireshin da kamfanin salula ya ba sim ɗin, mai farawa da 10. Rajista ta shiga, fitila koriya, waya na aiki ta data. Sai na kunna soket ɗin. Akwatin faiba ya ɗauki minti ɗaya ko biyu ya tashi, rauta ta mayar da zirga-zirgar gidan kan faiba. Na dubi layin akwatin. Yana nan yadda yake, da adireshin sim.

Dalilin a bayyane yake da zarar an gani. Rautar tana share layuka ne in haɗin da suke kansa ya faɗi. Faiba faɗuwa take yi, don haka tafiya daga faiba zuwa sim ba ta barin datti. Sim kuwa ba ya faɗuwa, gefe kawai yake komawa yana jiran ko-ta-kwana, don haka ba abin da ke sa a share layukansa. Na kama ƙunshin bayanan da ke fita ta faiba na buɗe su da manhajar Wireshark, ga saƙonnin rajistar akwatin suna fita ta igiyar faiba, amma adireshin mai aikawa na sim ne. Kamfanonin intanet sukan zubar da ƙunshin da ya fito daga abokin cinikinsu da adireshin da ba su suka ba shi ba, ƙa'ida ce da aka rubuta tun shekarar 2000 don hana masu ɓoye asalinsu kai hari. Ko da ma ya tsallake, adireshi mai farawa da 10 na cikin gida ne, babu hanyar da amsa za ta bi ta same shi daga Landan. Kafin minti biyar su cika lokacin sabunta rajista ya zo, daƙiƙa 32 na shiru suka wuce, fitila ta yi ja a kan idona.

Sauran na'urorin gidan ba sa jin wannan domin wayoyin hannu da kwamfuta suna buɗe sabon haɗi ta sabuwar ƙofa a kai a kai. In ɗaya ya maƙale su yar da shi su buɗe wani, mai kallon bidiyo ya ga ɗan tsaiko ya wuce. Akwatin waya kuwa daga ƙofa ɗaya yake magana, zuwa saba ɗaya, dare da rana. Kashe rauta yana warkar da shi domin littafin gaba ɗaya ke gogewa. Sallar Gwaggo tana warkar da shi domin ta fi minti uku.

A ganina laifin ba na akwatin ba ne, ba na Yaya ba, ba kuma na wanda ya sa sim ba. Kowannensu abin da ya dace ya yi. Laifin na rautar ne, da ke canza hanya ta bar tsohon rubutu. Abin yana ba ni takaici, domin ana sayar da irin waɗannan rautoci da alkawarin komawa kan sim da kansu, kuma a wurin da wuta ke tafiya ta dawo sau da yawa a yini, dawowar ita ce rabin aikin.

Gyaran hawa uku na yi masa. Na farko, na ja igiya na ɗora akwatin faiba a kan batir ɗin nan, bayan na duba cewa bolt 12 yake sha kuma batir ɗin zai iya ɗaukar na'ura uku. Wannan ya rage yawan juyawar, amma bai kawar da ita ba, tunda batir yana ƙarewa in rashin wuta ya yi tsawo, masu haƙa a titi kuma suna tsinka faiba. Na biyu, a can cikin saitin rauta akwai wurin da ake rubuta umarnin da za ta bi duk lokacin da babban layi ya dawo, na sa mata umarnin share littafin a wannan lokaci. Wanda rautarsa ba ta da wannan wuri, ya duba ko akwatinsa yana da zaɓin canza ƙofa da kansa a maimakon kafewa a kan 5060. Na uku, kamfanin lambar yana karɓar rajista ta wata hanyar aike mai suna TLS a ƙofa 5061, sai na mayar da akwatin can. TLS a kan TCP yake tafiya, kuma haɗin TCP in ya karye akwatin sabo yake buɗewa ta sabuwar ƙofa, ko rauta ta share ko ba ta share ba. Ga kuma ƙarin cewa saƙonnin rajistar a rufe suke tafiya. Saƙon “ina nan” na bar shi, domin ranar da aka koma kan sim ana bukatarsa fiye da kullum: kamfanin salula ma yana da nasa littafin a gaban na gidan, da nasa agogon.

Tun da ina wurin na gaya wa mutanen gidan wani abu da ya kamata duk mai irin wannan waya ya sani. Lambar ta Ingila ce, don haka ba ta kiran gaggawa ba ce a nan. In wani abu ya taso, Allah ya kiyaye, salula za a ɗauka a kira 112 ko wani na kusa.

Sai gwajin ƙarshe. Na zare igiyar faiba, rauta ta koma sim, akwatin ya sake rajista. Na mayar, rauta ta dawo kan faiba ta share littafin. Saƙon akwatin na gaba ya isa saba da sabon adireshi, saba ta ce ba ta san wannan haɗi ba, akwatin ya buɗe sabo ya yi rajista, duka bai kai minti ɗaya ba. Na maimaita har na gamsu, na kuma gwada ana tsakiyar kira. A nan kiran yankewa yake yi, domin muryar tana tafiya ne zuwa adireshin da aka yi yarjejeniya a kansa a farkon kiran, kuma wannan adireshin ya riga ya canza. Wannan kam ba saitin da zai hana shi a irin wannan akwati. Sai dai a ajiye kan wayar, a jira minti ɗaya, a sake kira.